Godiyar Ƙarfe Takwas

Wata uku kamfanin ya ba ni. In na sayar da injin ban-ruwa ko guda ɗaya kafin ƙarshen Satumba, su ɗauke ni aiki na dindindin. In ban sayar ba, in mayar musu da babur da riga da hula, in koma inda na fito. Inda na fito kuwa wani benci ne a ƙofar shagon cajin waya a Haɗeja, inda na shekara shida ina zaman kashe wando, takardar digirina ta aikin gona tana kwance a ƙasan akwati. Matata Kamila tana da cikin wata bakwai. Mahaifiyata Iya kuma ta riga ta gaya wa duk unguwa cewa Rilwanu ya samu aiki.

Injin namu da hasken rana yake aiki, ba ya shan fetur. Kaya ne mai kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma manomin fadama ba ya sayen abin da bai ga maƙwabcinsa ya saya ba. Na zaga garin Malam Madori, na ci kasuwar Kafin Hausa sau biyar, na je har Jahun. Ko'ina sai a taru a kalla, a yaba, a ce Allah Ya sa albarka, a watse. Saura kwana tara wa'adina ya cika, ko tiyo ban sayar ba.

Iya ce ta ga ramar da nake yi, ta aika wa Baba Gwadabe. Shi abokin marigayi mahaifina Isa ne, tare suka yi kamun kifi a kogin Haɗeja tun suna samari, yanzu kuma shi ne shugaban ƙungiyar manoman shinkafa na Tudun Kaɗa, wani ƙauye a bakin ruwa. Ranar Alhamis ya tara mini mutum goma, shi ne na sha ɗaya.

Ban taɓa samun irin wannan tarba ba. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, an kawo bandar kifi da fura. Baba Gwadabe ya dafa kafaɗata ya ce wa jama'a, "Wannan ɗan Isa ne. Duk wanda ya san Isa ya saurare shi."

Suka saurare ni. Na kafa farantan sola, na jefa tiyo a kogi, ruwa ya fara zuba ba ƙara ba hayaƙi. Wani tsoho har da kara kunne a jikin injin, wai yana neman inda aljanin yake. Bakina ya buɗe, na yi ta zuba, har na yi wa masu sayar da injin fetur na kasuwar Haɗeja ba'a, na ce kayan kaka da kakanni suke sayarwa. Aka yi dariya. Na dai lura kogin ya cika har yana lasar jingar da ta raba shi da gonaki, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, amma hankalina ba a can yake ba.

Da aka gama, Malam Shu'ibu, sakataren ƙungiyar, ya rubuto mini lambobin wayarsu. Baba Gwadabe ya ce, "Za mu ɗauki biyu saboda noman rani. Kawo takardarka mako mai zuwa mu sa hannu."

A kamfaninmu sa hannu shi ne ciniki. Ban san yadda na kawo babur gida ba don murna.

Da na gaya wa Iya, ta yi hamdala, sannan ta ce, "To gobe da sassafe ka sayi goro ka koma ka yi masa ban-gajiya."

"Iya, ai za a aika musu saƙon godiya ta waya."

"Saƙo?"

Na yi mata bayani. Manajanmu Malam Haris ya koya mana cewa duk wanda ka gana da shi kan ciniki, kada a kwana biyu ba ka gode masa ba. Akwai manhaja a wayar kamfani, ka zuba lambobi, ita kuma ta aika da ƙarfe takwas na safe. Ban da haka, gobe Juma'a ina da kai rahoto ofishinmu na Dutse.

"Wayar ta iya durƙuso?" in ji Iya. "Mutumin nan ya bar aikinsa, ya tara maka manya, ya ciyar da kai. Zumunta a ƙafa take, Rilwanu."

"Zamani ne, Iya."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Na zuba lambobi goma sha ɗaya. Saƙon a shirye yake, kamfani ya riga ya rubuta: "Ya kai abokin hulɗarmu mai daraja, muna godiya da lokacin da ka ba mu jiya. Muna yi maka fatan girbi mai albarka. Kada ka bari wannan garaɓasa ta wuce ka." Akwai wurin da mutum zai iya canza kalmomin, ya sa suna, ya sa gaisuwa. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba. A wautata gani nake Hausar kamfani ta fi tawa kwarjini, kuma so nake Baba Gwadabe ya ga ɗan Isa ya zama babban ma'aikaci.

A Dutse Malam Haris ya sa aka tafa mini saboda alkawarin injuna biyun. Bayan an sauko daga masallaci na tsaya a tasha shan ruwa, sai na ji direbobi suna maganar cewa jinga ta ɓalle a Tudun Kaɗa kafin asuba, ruwa ya shafe gonaki ya shiga gari. Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya: abin da ya fara zuwa raina injuna biyun nan ne, ba mutane ba. Sai bayan haka na tuna da saƙon. Na zaro wayar, na ga ta rubuta cewa an aika wa mutum goma sha ɗaya, ƙarfe takwas daidai.

Da na je ranar Asabar, wataƙila da an gyara. Ban je ba. Na gaya wa kaina hanya ta yanke, na gaya wa kaina a bari ruwa ya ɗan janye. Na kira Malam Shu'ibu sau biyu bai ɗauka ba, kuma a cikin raina na ji daɗin da bai ɗauka ba, don ban san da wane baki zan fara ba. Kunya ce ta zaunar da ni, ita kuwa kunya kullum ta kwana sai ta ƙara nauyi.

Ranar Litinin da safe wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na manta sam cewa manhajar tana da saƙo na biyu, wanda take aikawa bayan kwana uku: "Har yanzu muna jiran amsarka. Kaya sun kusa ƙarewa." An aika wa mutum goma sha ɗaya. Na zauna a bakin rijiyar gidanmu na riƙe kai.

Iya ba ta ce "ai na gaya maka" ba, da ma ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ta ƙulla gero da kuka da zannuwanta guda biyu a buhu, ta ajiye a gabana ranar Talata da safe, ta ce, "Kai masa. Ka ce ina yi masa jaje."

Babur ya tsaya inda kwalta ta nutse, daga nan sai kwale-kwale. Muka bi ta kan gonakin da na gani kore shar ranar Alhamis. Babu komai sai ruwa ja, nan da can kan shinkafa yana leƙowa, ta riga ta fara ruɓewa, warinta yana tashi. Saura sati uku a yanke ta. Tsamiyar da muka zauna a gindinta ruwa ya kai mata ƙugu. Mai kwale-kwalen ya yi ta duban hular kamfanin da ke kaina, har na cire ta na cusa a aljihu.

Mutanen gari suna makarantar firamare da ke kan tudu, su da awakinsu da abin da suka iya fitarwa. Malam Shu'ibu na fara gani, yana shanya littattafan ƙungiya a kan taga. Muka gaisa, na yi masa jaje, ya amsa a taƙaice.

"Mun ga saƙonka," ya ce. "Muna tsaye a cikin gari, ruwa iya gwiwa, ana neman wata tsohuwa da ba a gani ba, sai wayoyi suka ɗauki ƙara a lokaci ɗaya. Muka zaci gwamnati ce za ta ce ga taimako nan tafe. Baba ba ya karatun boko, ya miƙo mini tasa ya ce in karanta da ƙarfi kowa ya ji. Na karanta."

"Malam, wallahi ban san abin da ya faru ba a lokacin."

"Haka Baba ya ce. Ya ce yaro bai sani ba, gobe za ku gan shi. Asabar ya sa aka ajiye maka tabarma. Lahadi ma haka. Litinin sai ga na biyun."

"An ga tsohuwar?"

"An gan ta. Ranar Asabar aka yi mata sutura."

Baba Gwadabe yana zaune a ƙofar wani aji, ƙafafunsa sun kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje da ta'aziyya, na ajiye buhun Iya. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi Iya, ya tambayi mai ɗakina, ya sa mata albarka. Babu faɗa a muryarsa, abin da ya fi damuna ke nan.

"Baba, na yi kuskure. A yafe mini."

"Na yafe. Mu ma muna yi wa Allah laifi Ya yafe mana."

Ya kamata in tsaya a nan. Amma saura kwana huɗu wata ya ƙare, kuma takardar tana cikin jakata. Na ji bakina yana cewa, "Baba, maganar injin fa? Tunda damina ta tafi, ai rani ne kaɗai ya rage muku."

Ya dube ni, ya ce:

"Gaskiyarka, rani ne ya rage. 'Ya'yanmu na birni sun haɗa mana abin da ya samu, za mu sayi inji biyu. Mun yi magana da Fannami."

Na san Fannami. Babarbare ne mai shagon injin fetur a kasuwar Haɗeja, ɗaya daga cikin waɗanda na yi wa ba'a a gindin tsamiya.

"Ranar Asabar da hantsi ya zo," in ji Baba. "Ba wanda ya kira shi. Ya kawo tabarmi da garin kwaki, ya wuni yana fito da awaki, da shi aka haƙa kabari. Har ya tafi bai ambaci inji ba. Mu muka neme shi."

"Baba, nasa fetur zai cinye ku. Namu..."

"Na san naka ya fi, ai na gani da idona. Amma ka gaya mini, ranar da ya tsaya a tsakiyar rani, alkama tana ƙishi, wa zan gani? Mutanen nan sun tambaye ni haka, na rasa amsa. Ni na tara su, na ce su saurare ka don ubanka. Abin da ka rubuto mini shi ka rubuta wa Abubakar, wanda ya yi barci tun daga farkon bayaninka har ƙarshe. Ban ji zafin wannan ba sosai. Kwana huɗun nan da na yi ina duban hanya, su ne."

Na tuna Kamila, na tuna bencin nan na shagon caji, na tuna matan unguwa da Iya ta gaya wa. Babu wanda zan ɗora wa laifi. Ko Malam Haris bai hana ni zuwa ba.

Ana haka aka ce ga kwale-kwale ya iso. Fannami ne, ya naɗe wando har gwiwa, da inji ɗaya a gabansa, wanda za a fara janye ruwan masallaci da shi kafin rani ya zo. Daga bakin ruwa zuwa tudu akwai taɓo mai zurfi, mazan da ke wurin kuma yawancinsu tsofaffi ne, sauran sun tafi neman abin da ya rage a gidajensu. Fannami ya gwada ɗagawa shi kaɗai, ƙafarsa ta zame.

Baba Gwadabe ya juyo gare ni. Ba da gatse ya yi maganar ba, na duba fuskarsa sosai.

"Rilwanu, tunda Allah Ya kawo ka, kama masa."

Na ajiye jakata a kan taga, na cire takalmi, na gangara. Fannami ya yi mini sannu da zuwa, ya nuna mini inda zan riƙe. Injin ya fi yadda na zata nauyi, yana warin fetur, mai yana ɗiga a kan rigar kamfanin. Muka fara hawa, taɓo yana riƙe mini ƙafa, shi yana gaba ina baya, yana ce mini a hankali, a hankali, kada ya faɗi.