Girar Malam Badaru

Mijina Malam Badaru ya rubuta Alƙur'ani huɗu da ka, kuma duk Sundimina babu mai hannunsa. Ba yabon miji nake yi ba. Ni Kubra 'yar alaramma ce, a gindin allo na tashi, na san rubutu mai kyau in na gan shi.

Na biyar ne ya zo da matsala. Ya fara shi a shekarar da motoci suka koma bin dama, ya ce shi ne na ƙarshe, na masallacin garinmu ne. Yana cikin izu na talatin fatar goshinsa ta saki. Dama mutum ne mai tamoji, to sai girar ta sauko, ta danno fatar ido har ta rufe masa rabin gani. Idon lafiyarsa ƙalau, labule ne kawai aka sakar masa.

Sai ya samo dabara. Kullum da hantsi zai sa tafin hannu ya ja goshin sama, ya ɗaure shi tamau da rawani, sannan ya ɗauki alƙalami. Kafin azahar naɗin ya sassauta, kai na sara masa, yana rubutu yana ɗaga haɓa kamar kaza na shan ruwa. Abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni tausayi.

Da ciwon kan ya yi yawa ya je asibiti a Birnin Kudu. Aka ce masa akwai wani likita Bamisire a Kano da yake wannan aiki: a tsaga can cikin gashi, a ja fatar sama, a ɗinke. Girar za ta koma mazauninta, goshin ma ya miƙe sumul. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ɓata komai.

Yayana Malam Dabo, wanda tun suna tsangaya suke ja-in-ja da Malam, ya ji labari ya zo har gida.

"Ashe gyaran fuska za a je?" in ji shi. "Matan Turawa ne ke wannan, su ɓoye shekarunsu. Mutum da furfurarsa ya ce halittar Allah ba ta yi masa ba?"

"Yaya, gani yake nema," na ce.

"Ganin ne zai goge masa tamoji? Ke dai ki ce ango kike so."

Daga ranar Malam ya hana a ƙara tayar da zancen. Na san shi sarai. Wuƙar likita ba ta ba shi tsoro, bakin malamai 'yan'uwansa yake tsoro.

Ni ke jera masa fallayen in sun bushe, saboda haka ni na fara gani. Layi ya soma hawa kan layi. Jar tawadar wasali tana sauka inda ba gurbinta ba. Wani fallen ma rabinsa babu jan ko ɗigo, ya tsallake bai sani ba. Na yi sati ina juya abin a raina, don ba ƙaramin abu ba ne mace ta ce wa alaramma ya yi kuskure. Amma ni ba a haife ni da rufe baki ba.

Ran wata Laraba, ya idar da walaha ya ja goshi zai naɗa, na riga shi ɗauke rawanin. Na ajiye masa falle ɗaya a cinya.

"Malam, riƙe girar da hannunka ka duba min wannan."

Ya riƙe, ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kai, shekaranjiya."

"Guda nawa ne haka?"

"Na ƙirga sittin da uku, na daina."

Ya saki girar, ya ajiye fallen. Na ji kamar in janye maganata, amma na dake.

"Kunyar Yaya Dabo kake ji," na ce. "Wanda za ka ajiye wa wannan a ɗakinsa fa, ba ka jin tasa?"

Ranar Asabar muka hau mota zuwa Kano. Likitan ya yi aikinsa, muka kwana tara. Da aka kwance bandeji na dube shi, wallahi sai da na kau da kai don kada in yi dariya. Goshi ya yi santsi, idanu tar, gemu kuwa fari fat. Shi kansa da aka miƙa masa madubi cewa ya yi, "Wannan yaron ɗan wane ne?"

Gari ya yi ta magana, ba ƙarya. A bakin masallaci ana ce masa ango, mata a gidan suna suna tambayata ko zan je a yi min nawa. Na ce musu ni nawa tamojin ba ya hana ni zare tsakuwa a shinkafa. Malam kuwa ya koma kan aikinsa. Ya ware fallayen da suka ɓaci, tamanin da ɗaya suka zama, ya zauna ya sake su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya ware su ya yi kuka, ni ma na taya shi.

Bayan damina biyu ya kai ƙarshe. Al'ada ce ba a kai sabon rubutu masallaci sai wani alaramma ya bi shi baƙi da wasali. Aka kawo sunaye, Malam ya ce Dabo yake so, don ya san shi kaɗai ne ba zai ɗaga masa ƙafa ba.

Kwana goma sha biyu Yaya yana zaune a zaurenmu yana neman kuskure, ni ina kai masa fura. A rana ta ƙarshe na shiga ɗaukar ƙwarya, na tarar da shi ya duƙufa a kan fallen ƙarshe, ya tokare girarsa ta hagu da ɗan yatsa. Ya gan ni, ya yi saurin sauke hannun.

"Yaya, an samu?"

Ya jera fallayen, ya daidaita bakinsu, ya rufe.

"Babu gyara," ya ce.

Na ɗauki ƙwaryata zan fita, sai ya yi gyaran murya, ya leƙa ƙofa ko Malam na kusa.

"Kubra, wannan Bamisiren, wace rana yake zama?"