Ranar da Na Goya Mitata Zuwa Asibiti

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya hau sama, mutane na tafe sun kifa lema a ƙafafunsu. Ina goye da tsohuwar mitata ta gwajin lantarki, wadda nake gyaran rediyo da ita tun ina da gashi. Jikinta zafi rau, lambobinta na rawa, ba sa tsayawa wuri guda.

Sai ga mu a asibiti. Likitan zabo ne, da farar riga.

"In ba ta gyaru ba, 'yan gwangwani ne magadanta," in ji shi.

Na ji mitar ta ƙara ƙanƙame ni da wayoyinta biyu, ja da baƙa.

Ya kwance bayanta, ya hure ƙura, ya duba fis, lafiya lau. Ya ciro batir ya lasa, kamar yadda muke yi a shago.

"Gishiri ya ji. Ba nan ba ne. Ta dai kauce daga gaskiya kaɗan. Sai an gwada ta da abin da aka tabbatar daidai yake."

Aka zagaye garin kaf, ba a samu ba. Ko ma'aunin mai nama ya tafi ta'aziyya.

"Malam Tanimu, kwanta," in ji zabo.

Ya ɗora mini jar waya a ƙirji, baƙar a gwiwar da ke mini ciwo in an yi sanyi. Lambobin suka tsaya cak.

Mitar ta yi magana ƙasa-ƙasa: "Maigida, kai ma ka kauce."

"Sosai?"

"Daidai da ni."

Zabo ya gyara tabarau. "Tare kuka tsufa, shi ya sa kuke yarda da juna. In na saita ta, ba za ta ƙara gane ka ba. A saita?"

Na dubi gilashinta da ya dushe, da ƙunar dalmar da ni na yi mata a kumatu.

"A bar mu haka, likita. A dai goge mata fuska."

Yana cikin gogewa da fiffike, ƙarar ta koma ta kankarar ƙanzo: Ladidi ce, matata, a tsakar gida da tukunya.

Daga kwance na ce, "Mitar nan fa ba inda za ta!"

Ladidi ta ce, "Malam, wa ya tambaye ka? Tashi, koko na hucewa."