Ƙofar Shafi na Sha Tara

Ranar Alhamis ɗan okada ya kawo wa Khaulat littafin. Siriri ne, shafi talatin da biyu, wani matashi a Legas ya wallafa shi da Turanci, ya aiko mata don ta gwada ta faɗi ra'ayinta. Sana'arta ɗinkin hijabi a gida, nan cikin Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, amma tun tana jami'a ta koyi wani wasa da ake yi a kewaye da tebur. Mutum ɗaya yake riƙe littafi yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa ƙwayar lido mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Tana da shafi a intanet inda take sharhin irin waɗannan littattafai da Hausa. Masu bibiyarta ba su kai ɗari huɗu ba, amma ba ta taɓa yabon littafin da ba ta zauna ta buga shi da mutane ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar ta ture keken ɗinki gefe, ta shimfiɗa taswirar a kan teburin yankan yadi. 'Yan wasan su uku ne: mijinta Iliyasu, baban 'yarta Hadiza, mai sayar da albasa a kasuwar Bodija, da ƙanwarsa Amatullahi mai aiki a wani kemis a Mokola, da yayan Khaulat, Mahmudu, mahauci. Iliyasu da Mahmudu abokai ne tun kafin auren.

Labarin na wani rami ne a ƙarƙashin dutse, inda tsofaffin maƙera suka binne taskarsu, kuraye masu tafiya da ƙafa biyu suka mamaye shi. Mahmudu ya ɗauki jarumi mai gatari, Iliyasu ya ɗauki ɓarawo mai wuƙa, Amatullahi ta ɗauki mai haɗa magani.

"Kun sauka matakala," in ji Khaulat, tana karantawa tana mayarwa Hausa. "Warin jini ya cika wurin. Kura biyu suna kan gawar wani mutum, ɗaya ta tura kai cikin cikinsa. Ta ɗago ta gan ku. Yaya, me za ka yi?"

"Sara mana. A wuya."

Ya jefa ƙwaya, sha takwas ta fito.

"Gatarin ya shige har ƙashi. Kan ya karkace yana lilo da fata, jini ya feshe maka fuska."

"Ƙarya ne," in ji Mahmudu yana dariya. "Wuya ba ya yankuwa da sara ɗaya sai an samu gaɓa. Yaron nan bai taɓa yanka ko kaza ba. Rubuta."

Ta rubuta a gefen takardarta. Ta kuma rubuta cewa taswirar a bayyane take, ba ta ɓata mata lokaci ba, amma ɗaki na huɗu ya yi wa jarumai uku yawa. A ɗakin ne kura ta cafke hannun mai magani ta tauna har ƙashi ya yi ƙara, ɓarawon Iliyasu ya zagayo ta baya ya soka mata wuƙa a ido ya murɗa. Amatullahi ta toshe kunne tana ihu tana dariya. Suka ratsa ɗakin wuta inda mai gatari ya tura kura cikin narkakken ƙarfe, suka ratsa wani lungu da mashi yake fitowa daga bangonsa. Wajen ƙarfe biyar da rabi duk jarumansu sun jigata, su kuwa sun shanye zoɓo jarka guda.

Sai aka zo shafi na sha tara. Khaulat ta karanta shi tun ranar Juma'a, kuma bai kwanta mata ba. Ɗakin taska yana da ƙofar ƙarfe da ake rufewa daga ciki. Kuraye arba'in suna tahowa ta dogon lungu, dole jarumi ɗaya ya tsaya ya tare su kafin sauran su shige. Marubucin bai tanadi wata hanya ba.

"Ni zan tsaya," in ji Mahmudu. "Ku shiga, ku riƙe min ƙofa."

Ya yi jifa uku ya kashe uku. A na huɗu ƙwaya ta ba shi biyu.

"Sun kayar da kai. Ɗaya ta kama maka cinya. Kana jan jiki, saura taku biyar ka kai ƙofa, su kuma suna tsallake ka suna nufar ciki. Baban Hadiza, kai ne a bakin ƙofa."

Iliyasu ya miƙe tsaye, wasan ya ɗebe shi, gumi a goshinsa. Ya buga tebur ya kwatsa murya da Yarbanci yana cewa a rufe ƙofa: "E ti ilekun! Iya, e ti ilekun! A rufe kawai!"

Amatullahi ta fashe da dariya. "Wace Iya kuma a cikin rami?"

Mahmudu bai yi dariya ba. Ya ajiye ƙwayar a hankali da hannun hagunsa, wanda yatsu uku kawai suka rage a jiki. Shekara shida da suka wuce, a wata kasuwar bayan gari inda shi da Iliyasu suke aiki a lokacin, faɗa ya ɓarke tsakanin 'yan dako ya zama rikicin ƙabila. Mahmudu ya ruga zuwa shagon wata Bayarbiya mai shinkafa, Iya Risi, inda mutane suka ɓuya. Yana dab da kaiwa aka rufe ƙofar. A bakinta aka sassare shi da adda, ya kare kansa da hannu, ya kwana arba'in a asibiti. Kowa a gidan ya san wannan. Kowa kuma ya san Iliyasu ya ce ranar ba ya kasuwa, ya tafi karɓo kaya.

"Sake faɗa," in ji Mahmudu.

"Me?"

"Abin da ka faɗa yanzu. Shekara shida ina jin muryar nan a kunnena, ban san mai ita ba. Sake faɗa in ji."

Iliyasu ya kalli matarsa. Ya sunkuyar da kai.

Mahmudu bai zagaya teburin ba, ta kansa ya bi. Katakon ya karye, taswira da kofuna suka watse. Ya shaƙe wuyan rigar Iliyasu ya gwabza masa goshi a hanci, aka ji ƙas, jini ya ɓalle ya wanke gaban rigar. Suka faɗi tare a kan keken ɗinki. Mahmudu ya hau ruwan cikinsa yana narka masa naushi a baki, a ido, a kunne, yana cewa, "Kai ka kai ni asibiti! Kai ka zauna kana ba ni kunu a baki! Na ba ka ƙanwata!"

Da farko Iliyasu bai rama ba. Da numfashinsa ya fara ɗaukewa sai ya lalubo kujerar tsuguno ya maka wa Mahmudu a gefen kai. Fatar ta tsage daga gira zuwa kunne. Mahmudu ya yi tangaɗi, hannunsa ya faɗa kan babban almakashin yankan yadi. Ya ɗaga shi sama.

Khaulat ta kama almakashin ta wajen kaifi da hannu biyu. Ta ji ya shiga tafinta, ba ta saki ba.

"Yaya, dube ni. Ni ce. In za ka soka, ta hannuna za ka bi."

Jininta ya gangaro ta damtsensa. Ya dube ta kamar bai gane ta ba, sannan yatsunsa suka saki. Amatullahi ta riga ta fita tana kururuwa, sai ga maƙwabta sun cika ɗakin, Malam Rabe mai makarantar da ke jikin gidansu a gaba. Maza huɗu suka janye Mahmudu zuwa waje. Malam bai tambayi kowa komai ba, ya ce a nemo mota.

An yi wa Khaulat ɗinki tara a tafin dama, Mahmudu bakwai a kai. Iliyasu ya rasa haƙori biyu, hancinsa ya karye. Washegari da hantsi, yana kwance fuska a kumbure, ya faɗa mata ba tare da ta tambaya ba.

"Shagon a cike yake, Maman Hadiza. Mata da yara. Na hango shi, na hango masu adda a bayansa, kusan tare za su iso. Iya Risi tana riƙe da ƙofa tana jiransa. Ni na ce ta rufe. Da ta ƙi, ni na ture ta na sa sakata. Ina jin ihunsa ta jikin ƙarfen."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na yi niyya a asibiti. Sai ya farka ya ce min Allah ya saka da alheri da na zo."

Ta miƙe ta fita. Ta ɗauki Hadiza ta tafi gidan mahaifiyarta, ta yi kwana goma sha ɗaya kafin ta dawo.

A can ta rubuta sharhin, da babban yatsan hagu a kan waya, ya ɗauke ta kwana uku. Ta yabi taswirar da ɗakin wuta. Ta ce a rage kurayen ɗaki na huɗu, kuma marubucin ya je mayanka ya ga yadda ƙarfe yake shiga nama. Game da shafi na sha tara ta rubuta cewa ba laifi ba ne littafi ya sa 'yan wasa a tsaka mai wuya, amma wannan ya tilasta wa mutum ɗaya ya rufe ƙofa a kan ɗan'uwansa, sannan ya wuce kai tsaye zuwa jerin zinariyar da ke ɗakin, ko layi ɗaya bai ba mai jan labari ba kan abin da zai yi da mutanen da ke zaune a gabansa. Ta ba shi uku cikin biyar. Ta ƙara da cewa ba su kai ƙarshensa ba, don haka ba ta da ta cewa a kan shafuka sha ukun da suka rage.

Bayan wata guda Mahmudu ya zo ƙofar gidan da rana, ya aika a kira ta. Ya ce ya bi sawun Iya Risi har wani ƙauye a Akinyele inda ta koma wurin 'yarta.

"Na tambaye ta mutum nawa ne a shagon. Ta ce sha huɗu, har da mai ciki. Ta ce har yau tana sa ni a addu'a."

"To yanzu fa, Yaya?"

"Da ni ne a ciki, wataƙila ni ma in rufe. Ban sani ba." Ya dubi bandejin hannunta. "Amma da na faɗa masa."

"Yana ciki. Ka shigo mana."

"A'a. Ki gaishe da Hadiza."

Ta tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwanar masallaci, sannan ta koma ciki ta gaya wa Iliyasu adadin da Iya Risi ta faɗa. Ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba.