Goyon Baba Kalla

"Ja da kyau, Inna, ba zai karye ba," in ji Tasi'u.

Inna Sailuba ta ja bakin zanen ta ƙulle a ƙirjinsa, ta ƙara wani ƙullin a kai, kamar yadda ake yi wa yarinyar da aka ba goyon ƙaninta. Wanda aka goya kuwa mijinta ne, Baba Kalla, tsohon mahaucin da ɗakinsa ke manne da na Tasi'u a gidan hayarsu na unguwar Treichville a Abidjan. An ɗora shi a bayan kekensa, a kan ƙarfen da a da yake ɗaure akwatin nama, an ninka masa buzu. Ciwo ya cinye shi har bai kai nauyin akwatin ba.

Lado, abokin sana'ar tsohon, yana tsaye a ƙofar gida da buta a hannu.

"Kai Tasi'u, boko ka gudu, dako a tashar jirgin Adjamé ka gudu, wurin tela ka gudu. Yau kuma da gawa za ka gudu?"

"Gawar ubanka," in ji Baba Kalla daga cikin zane, da wata 'yar murya kamar ta kyanwa.

Aka yi dariya, ban da Inna Sailuba. Ta rataya gora a ƙahon keken, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka dawo mini da shi yadda na ba ka shi."

Tun da tsohon ya kwanta, magana ɗaya ce a bakinsa: a kai shi gulbi. Duk gidan an ɗauka Gulbin Maraɗi yake nufi, garin da ya baro tun kafin a haifi Tasi'u. Ina hanya? Yaƙin Turawa ya hana komai motsi, jirgin ƙasa na soja ne, motoci sun kwanta babu mai. Sai a ce masa "to, Baba, gobe," a fita a share hawaye. Dama kowa ya san halinsa. Gemunsa ya yi fari a Abidjan, amma in ka tambaye shi sai ya ce ci-rani ya zo, in damina ta faɗi zai koma. Ko gado ya hana matarsa saye. Ɗan ci-rani ba ya sayen abin da ba zai iya ɗauka ba, in ji shi. A tabarma suka tsufa.

Jiya ne Tasi'u, da aka bari ya yi masa fifita ya ƙagu da zaman, ya ce, "Wai wane gulbi ne, Baba?"

Tsohon ya buɗe ido. "Sai yau aka samu mai tambaya."

Ashe Komowe yake nufi, kogin da ke gangarowa bayan Bassam, a ƙauyen Mosu, inda ya yi shekaru yana kai nama a kan wannan keken.

Suka bar gari rana ba ta gama fitowa ba. Babu iska a tayoyin, don robar ciki ta yi ɓatan dabo a kasuwa tun farkon yaƙi. Ɓawon kwakwa aka tsefe aka cusa a ciki har ya yi tauri. Kowace tsakuwa sai Tasi'u ya ji ta a ƙashin bayansa, ya kuma ji tsohon ya ja numfashi.

"Mu tsaya ka huta, Baba?"

"Tahi dai. A kan burji ba a tsayawa da feda. Wanda ya tsaya, shi ya faɗi."

Da suka ratsa tudun da aka cike a kan ruwa, suka wuce bukkokin masunta, sai hanya ta miƙe. Tasi'u bai taɓa sanin duniya na da irin wannan shimfiɗa ba. Jan burji ne ɗoɗar har ƙarshen ganin ido, babu tudu babu gangare, babu mota ko ɗaya, ba gaba ba baya. A da nan manyan motoci ke tura masu keke cikin yashi. Yanzu ƙadangaru ne ke shan hantsi a tsakiyar hanya. Bishiyoyin kwakwa sun yi sahu-sahu kamar jama'a a filin idi. Daga dama teku na ta dukan gaɓa da wani rugugi da ake ji a ƙirji kafin kunne, daga hagu kuma ruwan babban tafkin da ake kira laguni kwance shiru, farare-fararen balbelu a kansa. Tsakanin mai ruri da mai shiru su biyu ne kawai, da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya.

Shi da bai taɓa yin yini guda a kan abu ɗaya ba, sai ya tarar ƙafafunsa na juyawa ba ya ko tunanin wani wuri.

"Baba, kullum nan kake bi kai kaɗai?"

"Ni da Allah da kaguwa."

Wasu mata masu dakon busasshen kifi suka ratse gefe suna kallonsu. Ɗaya ta yi magana da yarensu, sauran suka kwashe da dariya.

"Cewa ta yi jaririnka ya yi gemu," in ji tsohon. "Kaɗa musu ƙararrawa."

Tasi'u ya kaɗa. Suka bi su da guɗa.

Rana ta take tsaka, maganar tsohon ta ragu. Kansa ya kwanta a tsakanin kafaɗun Tasi'u, numfashinsa na fita da ƙyar, ya tsaya, ya dawo. Tsoro ya kama saurayin. In tsohon ya cika a nan, bai ga gulbi ba, bai kuma mutu a gaban matarsa ba, me zai ce wa Inna Sailuba? Cinyoyinsa na zafi kamar an zuba barkono. Ya miƙe a kan feda iya yadda goyon ya bari, ya yi ta takawa, yana kiran "Baba" jefi-jefi, ana amsa masa da ɗan matsi a haƙarƙari.

Suka zaga bayan Bassam, suka bi wata siririyar hanya cikin gonakin rogo, sai ga gulbin.

Tasi'u ya sa ƙafa a ƙasa. Kogin ya cika ya batse, ja wur kamar kunun kanwa, faɗinsa har mutanen tsallake sun zama kamar tururuwa. Yana tafe ba gaggawa, ɗauke da rassan itatuwa da tsibirai na ciyawa, wani ma da tsuntsu zaune a kai. Inda ya tarar da baƙin ruwan laguni ba su gauraya nan take ba. Sun jera kafaɗa da kafaɗa, ja da baƙi, kamar an ja zare a tsakani.

Wani masunci da ya gane tsohon ya ajiye tarunsa ya taya su, aka kwance goyon, aka zaunar da shi a gaɓa ƙafafunsa cikin ruwa. Ya ɗiba da tafi ya shinshina.

"Shinshina, ɗana. Wannan ba warin gishiri ba ne. Ƙasar arewa ce, da kashin shanu, da ruwan sama." Ya huta. "Da muka koro shanu daga gida, can sama wajen Bobo na fara tsallake shi, ko gwiwata bai kai ba. Tare muka gangaro da shi. Dubi yadda ya zama."

Ya yi alwala a hankali, Tasi'u na riƙe da kafaɗunsa. Ya yi azahar a zaune. Bayan ya sallame ya daɗe yana bin tsibiran ciyawar da ido, suna wucewa zuwa teku.

"Duk shekara sai ya zo," in ji shi. "Ni dai ban taɓa ganin ya koma ba." Ya yi 'yar dariya da ta zama tari. "Ka ce wa Sailuba ta sayi gadon nan."

"Kai za ka faɗa mata da bakinka, Baba."

"Cika gorar mu tahi."

Masuncin ne ya ƙulla zanen wannan karon. Suka juyo rana na gabansu, burjin ya koma kamar garwashi. Tsohon na ta wani ɗan ƙunƙuni irin na makiyaya in suna kiran shanu. A wani wuri cikin kwakwar, inda babu kowa sai rugugin teku, ƙunƙunin ya tsaya. Hannun da ke riƙe da rigar Tasi'u ya saki. Goyon ya yi wani nauyi da bai yi ba da safe.

"Baba?"

Babu matsi a haƙarƙari.

Keken ya yi tangaɗi, tayar gaba ta nufi yashi. Tasi'u ya danne ƙahon da hannu ɗaya, ya kai ɗayan baya ya tallafo kan tsohon ya kwantar a kafaɗarsa. Ya yi kalmar shahada da ƙarfi, ya yi salati, hawaye na shiga masa baki. Bai tsaya da feda ba.

Ana shirin kiran magariba suka shigo unguwa. Lado ya taso da wata tsokana a bakinsa, ya dubi ƙafafun da ke lilo a gefen taya, sai ya cire hularsa ya mayar. Maza suka riƙe keken. Inna Sailuba ta zo gaban Tasi'u ta kama ƙullin, ƙullin masunta ne, ta ja ta ja ya ƙi.

"Ya gani?" ta tambaya.

"Ya gani, Inna. Ya yi alwala a ciki. Ya ce ki sayi gadon."

Yatsunta suka tsaya a kan ƙullin. Ta yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka, ta sunkuya ta sa haƙori ta kwance.

Aka shimfiɗa shi a tabarmarsa. Ta zauna wajen ƙafafunsa da gorar a cinyarta ba ta buɗe ba, tana kallon jar laka da ta bushe a tsakanin yatsunsa.