Dabinon Kasuwar Nyanya

Likita bai ɓoye wa Lantana komai ba. Ya ce ciwon mijinta Datti a gaban ƙwaƙwalwa yake, inda kunya da kawaici suke zaune. Zai gane kowa sarai, amma zai riƙa miƙa hannu ya ɗauki abin da ba nasa ba, musamman mai zaƙi.

"Hajiya, ki sanar da maƙwabta da 'yan kasuwa, su san halin da yake ciki."

Ta ce to, ta dawo Jikwoyi ta ja bakinta ta tsuke. Wai rufin asiri. Mutumin da ya yi shekaru yana jan salla a unguwa, ita ce za ta bi gida-gida tana tallar lalurarsa? Sai ta riƙa kulle ƙofa, duk wanda ya tambaya ta ce hawan jini ne.

Ranar kasuwar Nyanya tana wanki, ta ɗago ta ga ƙofa a buɗe, babu takalmansa. Ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba ta tare ɗan acaɓa ta nufi kasuwar.

Tun daga bakin tasha ta jiyo ihun ɓarawo. Ta san abin da ke bin wannan ihun, taya ce da fetur. Ta ruga inda ihun ke tashi.

Ga Datti zaune a ƙasa, goshi na jini, hula a kwata, yana ta cin dabinon da ya ɗiba. Ko a jikinsa. Wannan ne ya ƙara tunzura mutane.

Ta ratsa su ta faɗa kansa. "Mijina ne, wallahi ba shi da lafiya! Ciwon ƙwaƙwalwa ne."

Mai dabinon ya ce, "Kowane ɓarawo in ya shiga hannu sai ya zama marar lafiya. Wa zai shaida?"

Ta waiga ta hango Wakili, maƙwabcinsu, a cikin taron.

"Malam Wakili, don Allah ka gaya musu."

Wakili ya sunkuyar da kai. "Na san shi, mutumin kirki ne. Amma Hajiya, ai hawan jini kika ce mana."

Wani ya mirgino taya. Lantana ta ƙanƙame mijinta, warin fetur na dukan hancinta. Datti ya dube ta, ya miƙo mata dabino guda.

"Ci mana, Lantana, da zaƙi."