Kuskuren Shafi na Tara

Muntaka ya biya mai moto, ya tsaya a ƙofar gidan Ummaru yana sauya wa jakarsa kafaɗa. Kwanansa shida a Matameye, ya gaida dangi har Dawce, gidan nan kaɗai yake ta kewayewa.

Tare suka yi karatun kimiyya a jami'a a Yamai, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. A shekarar ƙarshe mahaifin Ummaru ya rasu, Ummaru ya dawo gida ya riƙe ƙannensa da lambun rake, daga baya ya samu koyarwa a koleji. Ranar da zai taho ya miƙa wa Muntaka kayensa, littafin rubutu mai koren bango, cike da lissafi, ya ce ya adana. Muntaka ya tafi Turai da shi. Shekara takwas bayan haka lissafin ya fito a wata babbar mujalla, da sunan Muntaka da na farfesansa. Da shi ya samu aikin da yake yi yanzu.

Rabi, matar Ummaru, ce ta amsa sallamar.

"Lale da Dakta! Sai yau? Shigo, yana zaure da takardun yara."

Ummaru ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya rungume Muntaka har hularsa ta faɗi. Suka gaisa, suka tambayi iyali, Rabi ta kawo fura da rake fererre. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni kam Dakta, wane irin aiki kake yi can? Na tambayi Mushe, maigidan nan, sai ya yi dariya."

Kafin Muntaka ya buɗe baki, Ummaru ya amsa.

"Wani inji suke son ginawa a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa ya kai daga nan zuwa Kance. Ana harbo ƙwayoyin lantarki daga wannan gefe, takwarorinsu da ake kira positiron daga wancan, su yi karo. Kowace ƙwaya tana juyi kamar katantanwar yara. To, sai a sa duk su juya hagu a ƙirga abin da ya fito, a sa su juya dama a sake ƙirgawa. In bambancin ya wuce yadda aka zata, akwai wani abu a duniya da ba a san shi ba tukuna."

"Ikon Allah," in ji Rabi. "Kai kuma ina ka sani?"

"A lekwal," ya ce, wato makarantar boko.

Ta tafi duba tukunya. A cikin jirgi Muntaka ya shirya kalmomin da zai faɗa, yanzu ko ɗaya bai samu ba.

"Ummaru, akwai maganar da na zo da ita."

"Bari in riga ka."

Ummaru ya ɗaga tarin takardun jarrabawa, ya zaro wasu shafuka da aka buga, gefensu duk jan biro. Muntaka ya gane su tun kafin su iso hannunsa.

"Wani tsohon ɗalibina ya bugo mini a Zinder, bara. Ya ce ga ɗan garinmu ya yi suna. Wata uku ina karantawa, Ingilishin ya wahalar da ni. Duba shafi na tara. Wurin juyin positiron, alamar ragewa ya kamata, ta tarawa ce a nan."

Muntaka ya bi layin da yatsa. Ya sake bi. Mutum uku suka tantance aikin nan, ba wanda ya gani.

"In an gyara," Ummaru ya ci gaba, "injin naku zai hango nesa fiye da yadda kuka ce. Ga gyaran, na rubuta a baya."

"Yaya aka yi ka gano?"

"Ai ni na yi shi. Ranar da aka kira ni cewa jikin Baba ya tsananta nake kan wannan layin. Hankalina ba ya wurin."

Daga waje ana jin kurar ruwa tana wucewa. Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Na ci amanarka. Na ce zan sa sunanka, farfesa ya tambaye ni ko wane ne, a wace cibiya yake. Na ji kunyar in ce malamin koleji ne. Sai na yi shiru."

Ummaru ya daɗe yana juya guntun rake a hannu.

"Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Har na daina sallah a masallacin unguwarku don kada in haɗu da yayanka." Ya ajiye raken. "In ka aika gyaran, za su kore ka?"

"In na faɗi yadda aka yi, mai yiwuwa."

"To, wannan tsakaninka da Allah ne. Ni abu ɗaya nake so. Ka gaya musu kuskuren nawa ne. Shi dai kada ka ɗauke mini."

Muntaka ya jawo jakarsa, ya fito da ardinata, kwamfutarsa ta hannu, ya ɗora a gwiwa.

"Karanto mini gyaran," ya ce. "A hankali."