Shaidu Biyu na Ba Kalli

Ubana, Ba Kalli, ya shekara ashirin da biyar yana bin jam'iyyar da ba ta damu da irinsa ba. Haka nake faɗa a gabansa, haka nake faɗa a bayan idonsa, don ni Meram ban iya haɗiye magana ba. Sunan jam'iyyar na faransanci dogo ne, kowa Rumbu yake ce mata saboda hoton da ke jikin tutarta. Ta sarakuna ce da malamai da manyan ƴan kasuwa, masu cewa a bar komai yadda iyaye suka bar shi. Mu kuwa Buduma ne, mutanen ruwa, waɗanda ko akuya ta ɓata a kasuwa mu ake fara kallo. To, me ya haɗa kifi da kaska?

Abin da ya haɗa su akushi ɗaya ne. Tun ina yarinya wani ɗan kasuwar Damagaram, Alhaji Nasidi, yake shigowa tsibirinmu na Tumbun Sada sayen bandar kifi. Sauran fatake a cikin jirginsu suke cin abinci, ba su taɓa kwanonmu. Shi kuwa ya zauna a tabarmar Baba, ya wanke hannu, suka ci tare. Ya ce masa, "A Rumbu babu Buduma, babu Bahaushe, duk Musulmi ne ƴan uwa ɗaya uba ɗaya." Shi ke nan, Baba ya kamu. Duk zaɓe shi ke bin ƙananan tsibirai da kwalekwale yana kwaso tsofaffi, har da waɗanda sai an goya su, ya kai su rumfar zaɓe ya mayar da su, da man jirginsa.

Mutum ɗaya ne wannan abu ya fi ci wa rai, Ba Zarami, wani Babarbare manomin tattasai daga bakin Komadugu. Shi ne wakilin jam'iyyar Fitila, ta malaman lekol, wato makarantar boko, da samari masu son a canza komai. Duk zaɓe sai ya zo tsibirinmu da lasifikarsa, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, ranar ƙirga kuma ya tashi da ƙuri'un da ba su cika tafin hannu ba. Ko gaisuwa ba su yi da Baba, sai dai habaici. Baba na ce masa Mai Lasifika, shi kuma yana ce wa Baba Jakin Alhazai.

Sai shekarar da ƴan bindigar nan da muke kira yaran daji suka shigo tafkinmu. Aka ba mutanen tsibirai ƴan kwanaki su fita. Baba ya taka da ƙafa kwana uku, ya iso wurina a Diffa, inda nake aure, da riga ɗaya da carbi. Akwatin ƙarfen da takardunsa suke ciki ya bar shi, don ya zaci mako biyu za a yi a koma. Daga baya muka ji an ƙone garin ƙurmus.

Bayan ƴan watanni aka sanar a unguwarmu cewa duk wanda ya fito daga ruwa ba shi da takarda za a rubuta shi a cikin ƴan gudun hijirar Najeriya, a kai shi sansanin Sayam. Ku ji fa! Tsoho mai shekara sittin da wani abu, mai ciwon gwiwa, a ɗauke shi daga ɗakin da na share masa a kai shi tanti cikin rairayi, a matsayin baƙo a ƙasar da aka binne cibiyarsa. Ranar da na ji ban iya cin abinci ba.

Mafita ɗaya ce. Alƙali zai zauna a farfajiyar meri, ofishin magajin gari, kwana biyar yana ba marasa takarda shaidar haihuwa. Sharaɗin shi ne mutum ya zo da shaidu biyu, manya, masu katin ɗan ƙasa, su rantse sun san shi tun da daɗewa, sun san garinsu. Ni ƴarsa ce, ba a karɓar tawa. Mutanen tsibirinmu sun watse, waɗanda suka rage kuma su ma nasu takardun sun ci wuta. Malam Jibirin, limaminmu, shi kaɗai ya fito da katinsa, don a aljihu yake kwana da shi. Saura ɗaya.

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne," in ji Baba. "Alhaji na nan."

Alhaji na nan kam. Ya zama babban mutum a Diffa, yana neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, a ƙarƙashin Rumbu. Ni da kunnena na ji shi a wurin mitin yana cewa mutanen ruwa ne suka nuna wa yaran daji hanya, a tace su a ware ɗan ƙasa da baƙo. Jama'a na ta tafi. Da na kawo wa Baba labari sai ya ce, "Siyasa ce, Meram. Baki ne kawai, zuciyarsa na sani."

Ranar Talata na raka shi kantin Alhaji a kasuwa. Yana ganinmu ya taso da sauri, ba don murna ba, don ya riga mu isa bakin ƙofa. Ya ja mu ta baya, can cikin sito, tsakanin buhunan shinkafa, inda babu mai gani. A nan ne ya rungume Baba.

"Ɗan'uwana Kalli! Wallahi kullum kana raina. Yaya muka ji da wannan jarrabawa?"

Baba ya yi masa bayani, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi. Alhaji ya dafa ƙirji.

"Haba, don wannan? Ranar Alhamis da hantsi ka jira ni a meri. In ban tsaya maka ba, wa zan tsaya wa?"

Ya ɗauko sabuwar hula mai hoton rumbu ya ɗora masa a ka da hannunsa, sannan ya fitar da mu ta ƙofar da ake shigo da kaya. Duk hanya Baba na taɓa hular yana murmushi. Ni kuwa raina na tafasa, amma na ƙyale shi, don rabon da in ga haƙoransa tun ranar da ya iso.

Alhamis muka zauna a benci tun safe, ni da Baba da Malam Jibirin. Hantsi ya yi, azahar ta yi, la'asar ta yi. Duk motar da ta tsaya sai Baba ya miƙa wuya. Da alƙali ya tashi, Baba ya ce, "Wata hidima ce ta riƙe shi. Manya ba su da lokacin kansu."

Juma'a ce ranar ƙarshe, kuma da an kira salla za a naɗe tabarma. Na buga wayar Alhaji sau bakwai, a kashe. A nan haƙurina ya ƙare.

"Baba, ba zai zo ba! Kunyarka yake ji. Yana son ƙuri'arka, ba ya son a gan shi da kai. Cire hular nan don Allah, mutane na kallonmu."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya jawo hannuna ya riƙe kamar lokacin da nake ƙarama.

"Meram, kina zaton ban gani ba? Tun a sito na gani. Amma ba don Nasidi kaɗai na bi su ba. Ni mutum ne da ke son yaro ya durƙusa wa babba, a ji maganar liman, gona ta zauna a hannun mai ita. Yaran da suka ƙone mana gari, da raina iyaye suka fara. Wannan ra'ayina ne, ba aron sa na yi a wurin Alhaji ba. Don shi ya ci amana, sai ni ma in zama wani mutum daban?"

"To ra'ayin zai hana a kai ka Sayam?"

"Ba zai hana ba," ya ce. "Kuma ina jin tsoro, ƴata. Ba na son in rabu da ke."

Na juya baya don kada ya ga hawayena. Ina juyawa kuwa idona ya faɗa kan wani gajeren tsoho mai farin gemu, riƙe da takarda, yana jera mutane a layi yana yi musu tsawa. Muryar ce na fara ganewa. Ba Zarami ne. Kada ku zaci waliyyi ne ya sauko. Shi ma tashin hankali ya raba shi da gonar tattasansa, ya dawo Diffa, kuma mutanen da yake kawowa a yi musu takarda duk waɗanda ya tabbatar Fitila za su zaɓa ne. Kowa da inda ya sa gaba.

Ya hango hular kafin ya hango mai ita. Ya taho yana ɗingishi, ya tsaya a kanmu.

"La'ilaha illallahu! Jakin Alhazai, kana raye?"

"Mai Lasifika," in ji Baba. "Har yanzu ba ka gaji da faɗuwa ba?"

"Me kake jira a nan?"

Ni na faɗa, ban rage komai ba, har da ƙofar baya. Ba Zarami ya saurara yana kaɗa kai, sannan ya yi wata dariya marar daɗi.

"Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. To ga ni, katina na aljihu. Cire wannan hular ka jefa a ƙasa a gaban mutanen nan, in shiga in tsaya maka."

Na ƙura wa Baba ido ina roƙonsa ba tare da na buɗe baki ba. Hula ce fa, ƙyalle ne da zare! Baba ya dafa bencin ya miƙe a hankali, ya gyara zaman hular a kansa.

"Na gode, Zarami. Malam, Meram, mu tafi gida."

Wallahi da ba ubana ba ne da na zage shi. Ya fara takawa, gwiwar na ba shi wuya, Malam Jibirin na biye yana salati. Mun kusa ƙofar farfajiya sai muka ji tsawa a bayanmu.

"Kai, dawo nan, tsohon banza mai taurin kai! Sai ka sa na yi gudu da wannan ƙafar?"

Ba Zarami ya cafko hannun rigar Baba, ya ja shi ya tsallake layin mutanensa gaba ɗaya, suna gunaguni yana ce musu su yi masa shiru. Ya kai shi gaban teburin alƙali, ya fitar da katinsa ya ajiye.

Alƙalin matashi ne, gajiya ta cika masa ido. Ya rantsar da Malam Jibirin, ya ji tasa. Sannan ya juya ga Ba Zarami.

"Baba, ka san wannan mutum?"

"Ina ma ban san shi ba."

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da biyar, ranka ya daɗe. Kalli ne, ɗan Mala mai shanu, na Tumbun Sada. Na san ubansa, na san inda kabarin uwarsa yake, don a bayan rumfar zaɓe yake. Zaɓe biyar na je garinsu, zaɓe biyar wannan mutumin ya kunyata ni. Har makafi yake ɗaukowa a kwalekwale."

Mutane suka fara dariya. Alƙali ya ɗaga hannu.

"Kana da tabbacin ɗan ƙasar nan ne?"

"Ranka ya daɗe, dube shi da hular nan. Mutanen da ya bauta wa sun ƙi zuwa su ce sun san shi, na ce ya cire ta in cece shi ya ƙi. Wane baƙo ne zai sha wannan wahala a kan siyasar ƙasar da ba tasa ba? Na rantse da Allah namu ne. Ba shi da wayo, amma namu ne."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe, ya yi kamar tari ne ya sarƙe shi. Alƙali ya sunkuya ya rubuta, ya buga hatimi. Ƙarar hatimin nan har yau ina jin ta.

A waje Baba ya miƙo mini takardar, ya ce in karanta masa tunda ni na yi lekol. Na karanta: Kalli Mala, an haife shi wajen shekara ta 1951 a Tumbun Sada. Ya ce in sake karanta sunan garin. Na sake. Ya rufe ido, hawaye suka gangaro cikin gemunsa, ni ma na saki nawa, ban damu da masu kallo ba. Ba za a kai shi ko'ina ba, da ni zai koma gida.

Ladan ya fara kiran salla. Matakala uku ce daga barandar meri zuwa ƙasa, kuma tsofaffin nan biyu babu mai ƙafar kirki a cikinsu. Sai na ga Baba ya miƙa hannu, Ba Zarami ya kama, suka sauko tare, kowa na jingine da ɗan'uwansa. A ƙasa Baba bai saki hannun ba.

"Zarami, Allah ya saka maka da alheri, ya mayar da kai gonarka. Amma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, kada ka ji a bakin wani. Ba zan zaɓi Fitila ba."

"Na sani," in ji Ba Zarami, yana goge ido da bakin rawaninsa. "Ranar da na ji ka zaɓe mu, zan dawo wurin alƙalin nan in ce masa na yi kuskure, wannan ba Kallin da na sani ba ne. Taka a hankali, akwai rami a gabanka."